Rijiyar da Ke Ƙarƙashin Kwalta

Ba a tambaye ni ba kafin a kafa allon nan a bakin layinmu, kuma da ma wa zai tambayi tsohuwa. Da hantsi na fito zan je barkar haihuwa, sai na tarar da shi tsaye a kan ƙafafun ƙarfe, ya fi zaurenmu tsawo, yara sun kewaye shi suna nuni da yatsa. Hoton titi ne a jikinsa. Wai titinmu ne, wannan da ya ratsa tsakiyar Kazaure ya bi ta ƙofar gidanmu, yadda zai koma idan an gama sabunta shi. Na tsaya na gyara tabarau na dube shi da kyau. Kwalta baƙa wuluk, fitilu masu aiki da hasken rana a jere, itatuwa kore shar kamar an yi musu wanka, ga wasu mutane suna tafiya hannu a aljihu. Na nemi rumfar Talatu mai ƙosai, ban gan ta ba. Na nemi mai faci da mai shayi da tsohon nan da ke gyaran rediyo, babu ko ɗaya. Ko akuya babu. Na ce wa yaran, "To, mu ina aka kai mu?" Suka kwashe da dariya, a ganinsu wasa nake yi.

Ba zan yi wa Allah ƙarya ba, titin nan yana neman gyara. Kwaltar da ke kansa ta girmi yawancin masu taka ta, ta farfashe ta zama ramuka, har 'yan acaɓa sun san kowane rami kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Lambatun da ke gefe ledar ruwa ta toshe shi tun ba yau ba. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi a tsakiyar damina, duk abin da ya gangaro daga duwatsu nan yake taruwa, ya shiga zauruka, mu wuni muna kwashewa da kwano da bokiti. Bututun ruwan da ke ƙasa kuwa sun yi tsatsa sun ruɓe, babu mai tuna ranar da suka ɗiga. Don haka ba gyaran nake ƙi ba. Abin da ke damuna shi ne, na taɓa ganin an zo gyaran titin nan da irin wannan fara'a da irin wannan zaƙin baki, kuma na san abin da ya ci. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Lokacin da nake budurwa babu kwalta a nan. Hanya ce ta rairayi da jar ƙasa, jakuna ne motocinta. Abin da ke tashinmu da safe muryar ladan ce tsurarta, ba lasifika, sai tarin tsofaffi masu tafiya masallaci, sannan taɓarya ta fara amsa wa taɓarya daga wannan gida zuwa wancan. Kana kwance za ka gane hannun kowace mace a turmi. Na Innata yana da lugude mai kashi uku, in ta yi shi maƙwabta sun san yau ranta fari ne. Rana na ɗagowa maƙerin da ke kan kwana zai fara buga masaba, ya yi ta yi har azahar. Ranar kasuwa kuma matan rugage daga wajen Roni da Gwiwa za su shigo a jere da ƙwaryar nono a ka, awarwaronsu na kaɗawa, suna hira da Fulatanci suna ciniki da Hausa. Yanzu idan na zauna a zaure ba na iya rabe sauti da sauti. Janareto yana kuka, mai sayar da waya ya ƙure kiɗa, babura suna ihu, ga mai maganin gargajiya da lasifika a kan mota yana faɗin abin da da ko a ɗaki ba a faɗa. Har gaisuwa sai an ɗaga murya.

Amma sautin da ya fi kowanne zama a kunnena shi ne na guga in ta faɗa ruwa. Rijiya muke da ita a tsakiyar hanyar nan, daidai inda hanya ta ɗan yi ciki ta kewaye ta. Babu wanda ya san wanda ya haƙa ta, ko tsofaffin lokacin a haka suka taso suka gan ta. Gungumen itacen da ke bakinta igiya ta ci shi ta yi masa zane mai zurfi, har yatsa yana shiga. Ruwanta sanyi ƙalau, da ɗan garɗi, kuma ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa, sai dai ta ja ƙasa a ƙara igiya. A gefenta akwai komi na dabbobi, makiyaya kan tsaya su shayar kafin su wuce kara, kasuwar shanu. Ni ce mai ɗiban ruwan gidanmu. Kullum sai na cika randunan Inna da tulun Baffa na alwala da kwatarniyar kaji kafin in sa wani abu a bakina. A can muke jin wadda aka kawo wa kayan zance da wadda ta yi yaji, a can muke faɗa mu shirya. Kada wanda ya ji ni yanzu ya zaci son aikin nake yi. Tafin hannuna duk kanta ne, wuyana kullum a ƙage saboda tulu, kuma sau da yawa na yi fatan da ma rijiyar nan ta zo ta same ni a tsakar gida.

Baffa, mahaifina, gishiri da kanwa yake sayarwa a wata rumfa kusa da rijiyar. Fatake daga wajen Babura da ƙetaren iyaka wurinsa suke sauka. Ba shi da sarauta, ba shi da ilimin da za a kira shi babban malami, dukiyarsa ma ba ta taka kara ta karya ba. Abin da yake da shi baki ne guda ɗaya. In ya ce wannan kanwa ta bana ce, to ta bana ce. In maƙwabta biyu suka yi rigimar katanga, kafin su je wurin mai unguwa sai sun biyo ta tabarmarsa, kuma galibi a nan maganar ke mutuwa. Inna kuwa 'yar ruga ce, aure ya kawo ta gari, har ta rasu ba ta gama yarda da mutumin da takalminsa ke ƙyalli ba.

Wata shekara bayan an gama girbi sai ga baƙi. Duba-gari ne da wasu ma'aikata biyu masu gajeren wando, mai unguwa yana biye da su. Suka ce an kawo wa gari cigaba: za a shimfiɗa kwalta ta ratsa tsakiyar gari, za a ja ruwan famfo har bakin kowane layi. Abu ɗaya ne ya tsaya a hanya, rijiyarmu. Sai an cike ta. Duba-gari ya ƙara da cewa buɗaɗɗiyar rijiya gidan cuta ce. Mutane suka yi shiru irin na ƙi. Aka sake zuwa, aka sake yin shiru. Ba a son a yi abin da ƙarfi, don kada a ce an zalunci talakawa, sai wani ya raɗa musu cewa unguwar nan bakin mutum ɗaya take ji.

Ina bakin rijiya ranar da motarsu ta tsaya a gaban rumfar Baffa. Suka durƙusa suka gaishe shi, suna ta "Allah ya gafarta Malam," suka ce ba su zo roƙonsa komai ba, so suke kawai ya je ya gani da idonsa. Bai taɓa shiga ƙaramar mota ba sai ran nan. Da ya dawo da la'asar fuskarsa kamar ta yaro. Ya zauna a tsakar gida yana ba Inna labari: ya ga inji kamar ɗaki yana nishi, ya ga tanki a kan dutse wanda in an cika shi garin nan duka ba zai shanye ba, an murɗa masa kan famfo ruwa ya fito da ƙarfin da ya jiƙa masa riga.

Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, su kawo famfonsu mana. Rijiya me ta tsare musu? A bar mu da biyun, in ɗaya ya yi fushi mu je wurin ɗaya."

Ya ce, "Hanya ba za ta miƙe ba sai an cike ta. Ai ba ji na yi ba, gani na yi. Gani ya kori ji."

Ta ce, "A rugarmu ba a yanka tsohuwar saniya don an ce karsana na da ciki. Sai ta haihu an ga nono."

Ya yi dariya ya ce ita da ma ko wata aka ce ya tsaya sai ta taɓa shi da hannu. Ni kuwa ina gefe zuciyata na wurin Baffa ɗungurungum. Ruwa a bakin layi, ba guga, ba igiya! Wa zai ƙi?

Ranar Juma'a bayan an sauko, mutanen unguwa suka taru a gindin rijiyar. Baffa ya miƙe ya faɗi abin da ya gani. Maƙerin nan na kan kwana, amininsa ne tun suna yara, ya ce, "Malam, in kai ka ce mu cike, za mu cike. Amma kai muka sani, ba mu san su ba." Baffa ya dafa ƙirji ya ce, "Ni ɗin ku riƙe. In ruwa ya yanke, ni za ku tambaya." Maganar ke nan. Washegari samari suka fito da kwanduna da mangaloli. Tun ana jin ƙasa na faɗawa ruwa har aka daina ji, har ta cika ta batse aka daddale. Wasu tsofaffin mata suka tsaya daga nesa suna kallo kamar masu rakiyar gawa. Inna ba ta fito ba, kuma ranar ba a ji lugudenta ba.

Gaskiya ɗaya ce, famfo ya zo. Ni ce kusan ta farko a layi da tuluna, har guɗa na yi. Muka sha, muka yi wanki, kantar hannuna ta fara mutuwa. Kwalta ma ta zo, baƙa mai wari, ta hau kan inda rijiya take ta wuce abinta, yara suna tsalle a kai ƙafa ba takalmi. Damina ta wuce, wata ta zagayo, mutane suna cewa Allah ya yi wa Malam albarka. Sai ruwa ya fara zuwa yau, gobe babu. Aka ce inji ne, an aika Kano a kawo wani ƙarfe. Ƙarfen ya zo, ruwa ya dawo rabi-rabi. Ana nan sai wasu ma'aikatan dabam suka zo haƙa lambatu a gefen kwalta, diga ta sare bututun layinmu. Masu lambatu suka ce gyaran bututu aikin masu ruwa ne. Masu ruwa suka ce wanda ya fasa shi zai gyara. Baffa ya sa farar rigarsa ya yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan. Mutanen nan masu gajeren wando da suka durƙusa masa, an ce an yi musu canjin wurin aiki. Waɗanda ya tarar ba su san shi ba, a kan benci suka bar shi har aka tashi.

Muka koma ɗiban ruwa a wata rijiya can bayan gari, gindin dutse, tafiyar da in ka fita da sanyin safiya sai rana ta yi zafi za ka dawo. Ga abin da har yau yake ba ni mamaki: babu wanda ya zagi Baffa. Babu wanda ya zo ya ce ga abin da ka ce. Da ma an zage shi, da ya fi masa sauƙi. Maƙeri bai fasa gaishe shi ba, amma ya daina zuwa hira. Masu rigimar katanga suka riƙa wucewa kai tsaye wurin mai unguwa. Tabarmar da a da ba ta rabuwa da baƙi ta koma daga shi sai buhunan kanwa.

Wata rana a bazara ina rumfar na kawo masa fura, sai ga wata maƙwabciyarmu, tsohuwa ce da ba ta da kowa sai jikoki ƙanana, ta dawo daga gindin dutse da tulu a ka, gumi ya jiƙa mata zane. Ta zo daidai rumfar ta ɗan rage tafiya, ta ce, "Malam, sannu da hutawa." Gaisuwa ce da kowa ke yi wa wanda ya gani a zaune, kuma na rantse ba ta nufi komai ba. Baffa ya ɗago kai. Ya bi ta da kallo har ta shige gida. Furar nan bai sha ba.

Washegari da ya dawo daga masallaci ya kwance jakinsa na dakon gishiri, ya ɗaura masa garewani, ya ce mini, "Ɗauko guga ki biyo ni." Inna ta ce, "Malam, da girmanka?" Ya ce, "Girman ai shi na ba su jingina." Muka je gindin dutse, ni ina ja, shi yana durawa. Gidan tsohuwar nan ya fara kaiwa, sannan gidajen da babu matasa, sannan na masu jego. Da fari mutane suka riƙa fitowa suna cewa, "Haba Malam, don Allah ka bari." Shi dai sai ya juye a randa ya wuce. Daga baya suka saba. Haka ya yi ta yi rani da damina, rumfarsa a rufe har rana ta take, fatake suka gaji da jira suka koma wurin wasu. Bayansa ya ranƙwafa, tari ya kama shi. Sai da 'yan garuwa suka yawaita a gari, aka kuma haƙa wata rijiya a bayan masallaci, sannan ya ajiye garewanin, lokacin kuwa ƙarfinsa ya riga ya tafi. Bai sake tsayawa ya yi magana a taro ba. Ko shaidar ɗaurin aure aka kira shi sai ya ce a nemi wani.

Ana gobe za a kai ni ɗakin miji ya kira ni zaure. Na zaci irin nasihar da ake yi wa kowace amarya zai yi, ta haƙuri da biyayya. Sai ya ce, "Za a zo aron turmi, ki bayar. Za a zo aron zane, ki bayar. Amma duk wanda ya zo aron bakinki, ki hana. Shi in an karya ba a biya."

Allah bai ba ni dukiya ba, amma ya sa hannuna ya karɓi haihuwa. Rabin mutanen layin nan ni na yanke musu cibi, har da masu jikoki yanzu. Shi ya sa mata suke jin maganata, suke ce mini Goggo. Bayan mai gidana ya rasu na dawo gidan Baffa, a nan nake zaune. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, yana aiki a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, mutane suna ce masa Injiniya. Yaro ne mai kunya, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Bayan an kafa allon nan da 'yan kwanaki ya shigo da yamma, ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarma, ya daɗe yana gaisuwa. Na san da magana a bakinsa.

Ya ce, "Inna, aikin nan na gaske ne. Za a faɗaɗa titi, a gina sabon lambatu, a sa sababbin bututu. Sai dai rumfunan da ke bakin hanya dole su tashi kafin ruwa ya sauka. An tanadar musu shaguna a bayan tasha. Ba a son a kawo motar rusau, an fi son kowa ya cire da hannunsa. Matan nan kuwa ke suke ji."

Na ce, "Wa ya ce maka ni suke ji?"

Ya sunkuyar da kai. "A ofis aka faɗa."

Na ce, "Shagunan an gama su?"

"An fara. Gobe in kin yarda in kai ki ki gani da idonki."

Na je, don kada ya ce na ƙi shi. Na ga fili an share, an ja harsashi, an jera bulo ya kai gwiwa. Na kuma ga wasu manyan motoci biyu a gefe, da masu manyan riguna suna zagayawa suna nuna wannan kwana da waccan kamar masu zaɓen rago. Na tambaye shi su wane ne, ya ce 'yan kallo ne kawai. Na ce a raina, ɗan kallo ba ya auna ƙofar shago da taku. A hanyar dawowa na ba shi labarin kakansa tun daga motar har zuwa jaki. Ya san an taɓa yin rijiya a wurin, amma bai san sauran ba, don ba labari ne da muke so a gidanmu ba. Ya ce, "Inna, wancan zamani dabam, wannan dabam. Ni ina ciki, tabbas za a yi." Na ce, "Kakanka ma bai yi ƙarya ba. Abin da ya gani ya faɗa. Wanda ya yi alkawarin ne ba shi ke da cikawa ba. Kai in an ɗauke ka an kai ka Gwiwa gobe, wa za su tambaya?"

Da matan suka taru a tsakar gidana, masu awara da masu taliya da masu ɗanwake, na gaya musu iyakar abin da na gani: bulo zuwa gwiwa, da masu manyan riguna. Na ce, "Ban ce ku cire ba, ban ce kada ku cire ba. Kowacce ta je ta duba, ta yi shawara da zuciyarta da mai gidanta." Na kwanta ran nan ina ganin na tsira, na riƙe wasiyyar Baffa.

Kwana kaɗan na ji ana ɓamɓarar kwano. Na leƙa, Talatu ce take sauke rumfarta. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, kaskon ƙosan nan shi ne gonarta, shi ne shanunta. Na ce, "Ke Talatu, kin je kin gani?" Ta yi murmushi ta ce, "Goggo, me zan je gani? Ai ɗanki na ciki. Jinin gidan nan ba zai cuce mu ba." Da sauran suka ga ta cire, su ma suka bi. Na koma ɗaki. Ashe ba sai na buɗe baki ba. An riga an ari bakin nawa ta wata ƙofar, ban sani ba.

Motocin aiki sun zo, ba zan hana su hakkinsu ba. Sun kankare tsohuwar kwalta, sun haƙa rami mai zurfi gefe da gefe, sun zuba kankare a wani sashe, har an kafa turakun fitilu daga can sama. Sai muka wayi gari an ɗora motocin a kan tirela an yi hanyar Roni da su. An ce wani aikin gaggawa ne, za su dawo bayan Salla. Sallar ta zo ta wuce. Yanzu katako muke takawa mu tsallaka rami mu shiga gidajenmu. Bulon bayan tasha ya kai kafaɗa ya tsaya, kuma ana raɗe-raɗin shagunan gaba duk sun yi masu su. Talatu tana suya a cikin wani lungu inda ba mai wucewa, rabin ƙullunta take dawowa da shi. Gabas kuwa ta fara haɗa hadari da yamma.

Shekaranjiya ɗana ya zo. Bai shigo kai tsaye ba, na hango shi ta zaure ya tsaya a bakin ramin yana kallon ƙasa, ya rame, hularsa a hannu. Da ya shigo ya gaishe ni, na ba shi ruwa, na bari ya sha. Sannan na ce, "Kai, za su dawo kafin ruwa?"

Na zaci zan ji "tabbas" ɗin nan da ya saba. Ya ajiye kofin. Ya ce, "Inna, wallahi ban sani ba. Na tambaya, ba wanda ya ba ni amsa."

Tun da aka fara aikin nan, wannan ce magana ta farko da na gaskata gaba ɗayanta. Tausayinsa ya kama ni, amma ban nuna ba. Na ce, "To, ba ni ce mai buƙatar jin wannan ba. Talatu tana lungun bayan masallaci, yanzu take haɗa wuta. Ka je ka faɗa mata haka da bakinka, kada ka ƙara kada ka rage, don ta san inda za ta sa kanta tun ruwa bai sauka ba."

Ya ce, "Inna, da wane ido zan dube ta?"

Na ce, "Da wanda Allah ya ba ka. Yau kunya ce kawai. In ka bari sai gobe, ta fi haka tsada."

Ya miƙe. Sannan ya sa hularsa, ya sa takalmi, ya taka katakon ya tsallaka ramin. Ina kallonsa ya wuce inda ya ajiye babur ɗinsa bai hau ba, ya karya kwana ya shiga lungun da ƙafa.